Tambarin lambar yabo a kan kwalin wasa: wanne ne abin dogaro?

Baban Yusra, Mabera:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Masu yin odar wasannin tebur daga Legas ko Abuja, da masu ba matafiya saƙo daga Turai, kun san da wuya a ga kwali ba tambarin lambar yabo a goshinsa, wani ma har uku. Ga tsadar dala, ga kuɗin dako. Kowa ya kawo abin da ya gani a majalisarsa: wane tambari ne ke da nauyi, wanne ne ado kawai?

Malam na Runjin Sambo:
Wa'alaikumus salam Baban Yusra. Kafin komai a tambayi wa ke bayar da kambun, kuma ta wace hanya. Wanda duk ya fi nauyi shi ne Spiel des Jahres na Jamus, mai jan tambari, wanda anka fara bayarwa a 1979. Alƙalansa masu sharhin wasanni ne daga ƙasashen da ke magana da Jamusanci, kuma ba a yarda alƙali ya zama mai ƙirƙirar wasa ko mai aiki da kamfanin da ke buga shi ba. Suna fitar da uku da sunka kai zagayen ƙarshe, sannan su zaɓi ɗaya. Catan ya ci a 1995, Carcassonne a 2001, Ticket to Ride a 2004, Azul a 2018.

Abin da mutane ba su lura da shi ba: wanga kambu ba ya cewa wasan ya fi kowane wasa zurfi. Abin da alƙalan ke nema shi ne wasan da iyali za su buɗe, su karanta ƙa'idojinsa, su fara bugawa a zama ɗaya ba tare da wani gwani ya koya musu ba. Shi ya sa a 2002 Villa Paletti, wasan jera ginshiƙan katako, ya kayar da wasan Puerto Rico, masu son wasan dabara sunka yi ta ƙorafi. An kuma raba kambun: shuɗin tambari na yara tun 2001, mai ruwan toka na waɗanda sunka ɗan goge tun 2011, wanda 7 Wonders ya fara ci. Don haka a duba launi. Wanda ya saya wa ɗan firamare mai ruwan toka, ajiye shi za a yi a kan durowa.

Maman Khalil, Gawon Nama:
Malam, a ƙara da wannan: a karanta ƙananan rubutun da ke jikin tambarin. Idan an ga "Nominiert", wasan ya shiga zagayen ƙarshe ne, bai ci ba. Wannan ba aibi ba ne, Pandemic a 2009 da Splendor a 2014 duk a nan suka tsaya, kuma har yau ana buga su. Inda ake yaudarar mai saye shi ne kwalin da aka rubuta cewa mai ƙirƙirarsa ya taɓa cin kambu. Mutumin ne ya ci da wani wasan dabam, ba wanda ke hannunka ba. Haka kwalin ƙari, wanda ba ya buguwa sai da uwar wasan, wani lokaci yakan ambaci kambun da uwar ta ci.

Injiniya, Arkilla:
Akwai kuma na ƙuri'ar jama'a. Golden Geek na masu amfani da shafin intanet na wasannin tebur BoardGameGeek tun 2006, da Deutscher Spiele Preis tun 1990, wanda ake miƙawa a lokacin baje kolin wasanni na birnin Essen. Wannan na biyun shi ya ba Puerto Rico kambu a shekarar da alƙalai suka hana shi. Masu jefa ƙuri'ar mutane ne da wasa ya zame musu jini, suna son mai ɗaukar awa biyu ko uku, kuma wasan da ya fi yaɗuwa shi ya fi samun ƙuri'a, domin ba ka zaɓar abin da ba ka taɓa bugawa ba. Idan majalisarku daga ludo da whot take tasowa, kada ku fara da jerinsu.

Mensa Select, na ƙungiyar Mensa ta masu kaifin ƙwaƙwalwa a Amurka, kuma wani salo ne. Kamfani ke biyan kuɗin shiga ya turo wasansa, 'yan ƙungiyar su taru ƙarshen mako guda su buga, a fitar da 'yan kaɗan da suka yi fice. Wanda ba a turo ba, ba ya cikin gasar ko da ya fi su duka.

Baban Yusra, Mabera:
To Injiniya, ashe kuɗi na shiga ciki ke nan? Na Jamus ɗin mai jan tambari fa?

Malam na Runjin Sambo:
Shi ma da kuɗi, amma bayan hukunci. Kamfanin da wasansa ya ci shina biyan ƙungiyar kuɗin lasisi in yana son buga tambarin a kwali, da shi suke gudanar da aikinsu. Biya don a duba ka da biya bayan ka ci ba ɗaya ba ne. Raunin nasu yana wani wuri: sai sabon wasa da anka buga da Jamusanci a shekarar suke dubawa. Dara da muke bugawa a ƙasa, ramuka 30 da 'ya'ya 12 ga kowane mutum, ba za ta taɓa shiga ba, alhali ta fi da yawa daga cikin masu tambarin buƙatar lissafi.

Hajiya Malama, Gidan Igwai:
Ni inda nake son a tsaya shi ne abin da alƙalin Jamus bai tambaya ba, kuma mu shi ya dame mu.

Na farko harshe. Azul ba rubutu a jikinsa, tayil 100 ne, launi biyar, kowanne 20. Qwirkle na 2011 katako 108 ne masu launi da siffa. Rummikub, wanda ya ci tun 1980, lambobi ne kawai a kan 'ya'ya 106. Waɗannan kaka da jika za su zauna a kansu bayan bayanin minti biyar. Codenames na 2016 da Just One na 2019 kuwa kalmomi ne zalla, in Turancin 'yan majalisa bai zo ɗaya ba, mutum biyu ne za su riƙa dariya, saura na kallo. Kuma mai ba matafiyi saƙo daga Jamus ya jaddada masa bugun Turanci yake so, in ba haka ba da na Jamusanci zai dawo.

Na biyu yawan mutane. Azul da Kingdomino a huɗu suke tsayawa, Sky Team da ya ci a 2024 mutum biyu ne kacal. Gidajenmu da majalisunmu sun fi haka cika. Just One na ɗaukar bakwai.

Na uku, wanda ya fi muhimmanci ga iyaye: Camel Up na 2014 gaba ɗayansa a kan yin fare ne kan raƙumin da zai zo na ɗaya, da kuɗin wasa. Ba kuɗin gaske ba ne, amma akwai gidaje da dama a garin nan da ba za a yarda yara su saba da siffar caca ba. Tambarin ba zai gaya maka wannan ba, sai ka kalli bidiyon yadda ake bugawa kafin ka biya.

Injiniya, Arkilla:
Hajiya, a ƙara da wasan da ke ƙarewa. Exit, wanda ya ci mai ruwan toka a 2017 a gaban Terraforming Mars, ana yanka katunansa da almakashi, ana rubutu a kansu. Bugu ɗaya ne, kwalin ya mutu. MicroMacro na 2021 matsaloli 16 ne a kan babbar taswira, da an warware su sai dai a ba wani gida. Ku raba kuɗin wasan da yawan bugun da za a yi kafin ku yanke shawara.

Maman Khalil, Gawon Nama:
Ga kuma yanayinmu. A watan Afrilu zafi na wuce digiri 40, kwalin da aka bari a mota katunansa lanƙwashewa suke yi, robar da aka ɗaure su da ita ta narke ta manne. A sa kati a ƙananan ledoji masu zif. Alƙaluman gogewa na Just One saurin bushewa suke a hunturu, a tanadi na farin allo daga shagon littattafai. Carcassonne tayil 72 ne na kwali da ake jerawa gefe da gefe, a kan tabarma da wani ya motsa ƙafa taswirar ta watse, sai an shimfiɗa faffaɗan katako ko an hau tebur. Hanabi na 2013 kuma bambance launin kati ne ginshiƙinsa, in an ɗauke wuta aka koma hasken waya, shuɗi da kore rikicewa suke.

Ɗan Autan majalisa, Jami'ar Danfodiyo:
Iyayena, a yi hattara da jabu, domin su ma har tambarin suke kwafowa, kuma wasannin da suka ci kambu su aka fi kwaikwaya tunda su ke tafiya a kasuwa. Alamominsa: rubutu dishi-dishi, kati sirara, warin roba, da farashi da ya yi araha fiye da hankali. Ranar da kaya suka iso a ƙirga komai a gaban takardar ƙa'idoji. A Ticket to Ride kowane launi taragu 45 ake bugawa da su, in sun gaza lissafin wasan ya lalace. Kuma kada a manta a 2021 kamfanin NIBCARD na Abuja ya ci lambar yabo ta Diana Jones. Kamfanin aka yaba wa saboda aikinsa, ba wani wasa guda ba, amma odar nasu ba ta bi ta kan dala.

Hajiya Malama, Gidan Igwai:
Auta, tunda kana kusa da masu buga takardu, Codenames na Hausa ba wuya. Kati 25 ake jerawa, biyar sau biyar, a kowane zagaye, don haka kalmomi 200 sun isa a fara. A zaɓi sunaye masu ma'ana fiye da ɗaya, irin su baki, gari, kai, wuya da rana, a buga a takarda mai kauri, a yanka daidai da girman na asali don katunan wasan da ake rufe kalmomi da su su hau kansu. Wanda ke da jerin kalmomi ya turo mu tace tare.