An huda ginshiƙan gidanmu, sakamakon ya rikita ni

Mai neman shawara: Assalamu alaikum 'yan uwa. Gidan gado ne, mahaifinmu ya zuba masa dekin tun 1996, yanzu muna son ɗora bene. Injiniya ya ƙi sa hannu sai an gwada kankaren. An zo da inji aka yanko guntaye uku daga ginshiƙai, aka kai ɗakin gwaji aka matse su har suka fashe. Sakamako, wato lambar ƙarfin kowane guntu: 21, 19 da 14. Birkilanmu ya ce shirme ne, shi guduma kawai zai buga ya ji ƙarar. Mu ɗora ko mu haƙura?

Injiniyan gini: Wa alaikumus salam Alhaji. Kafin a yi maganar lambobin, tambayi masu gwajin su faɗa maka tsawon guntayen. Idan tsawo daidai yake da faɗi, misali milimita 100 da 100, ana kwatanta shi da ƙarfin kubu, wato dunƙulen kankaren gwaji mai tsawo, faɗi da kauri daidai, wanda da shi muke cewa kankare mai lamba 25. Idan tsawon ya ninka faɗin, lambar takan fito ƙasa, kusan kashi 80 cikin ɗari na kubu. Ƙa'idar Amurka, ACI 318, ta ce matsakaicin guntaye uku ya kai kashi 85 na ƙarfin da aka tsara, kuma kada ɗaya ya gaza kashi 75. To ku zanen gidan ma kuna da shi? In babu, ba a san me aka tsara ba, sai a yi lissafi da abin da aka samu. Wannan 14 ɗin ne ya fi damuna. A duba ko rodi ya shiga cikinsa, ko ya tsage wajen yanka. In lafiyarsa ƙalau, a ƙara yanko wasu a kusa da shi.

Tsohon ɗan kwangila: Ƙanena, rabu da zancen guduma. Ko na'urar Schmidt, wadda ake bugawa a jikin kankare don auna taurinsa, fatar kankare kawai take ji, tsohon gini kuma fatarsa ta taurare, sai ta ba ka lamba mai daɗi. Sannan a tona a ga fandisho, don shi zai ɗauki benen.

Mai neman shawara: Na gode. Ramukan fa?

Injiniyan gini: A cike su da siminti na musamman marar tsukewa, ba kwaɓin filasta ba.