Koya wa ƙananan yara fasahar wasu al'ummomi: me kuka gwada a Maraɗi?

Malamar ajin renon yara, unguwar Zariya:
Assalamu alaikum iyaye da malamai. Yaran ajina ƴan shekara huɗu zuwa biyar ne, kuma a bana na ƙudurta nuna musu ayyukan hannu na wasu ƙabilu da ƙasashe. Na fara da bogolan, rinin laka na Bambarawan Mali, amma na sha kunya: mun ɗebo laka daga bakin gulbi, yara sun zana farin ƙyalle da tsinke, da muka wanke sai komai ya fita fes. Ina roƙon wanda ya taɓa gwada irin wannan, a gida ko a lakwal, ya ba mu labarin yadda ta kaya.

Baban Nafisa, Sabon Gari:
Wa alaikumus salam, Malama. Mahaifina marini ne, don haka na gane inda aka yi tuntuɓe. Masu bogolan sukan fara jiƙa ƙyallen a ruwan ganyen marke har ya yi rawaya, su shanya shi, sannan su ɗora lakar da ta daɗe tana tsimuwa a tukunya, domin haɗuwar ruwan marken da ƙarfen da ke cikin lakar ce take barin baƙin da ba ya wankuwa. Idan kika sake gwadawa, ki bar yaran su tsinko ganyen da kansu, saboda yaron da ya ga bishiyar ƙauyensu ce ke rina tufafin mutanen Mali ba zai ɗauke su baƙi ba. Ni kuwa abin da na yi shi ne, a hutun bara na kai ƴaƴana gidan tarihi na Bubu Hama a Yamai, wanda aka buɗe tun 1959. Na ɗauka ƙasusuwan manyan dabbobin dā ne za su ɗauke musu hankali, amma ƙaramar ta kafe a rumfar maƙeran azurfa, tana kallon yadda ake goge sarƙar Agadas, har sai da na ɗauke ta cak tana kuka.

Hajiya Kaka, Bagalam:
Ƴata, ni ban je ko'ina ba, maƙwabta ne suka yi mini aikin. Akwai Abzinawa da suka zauna a zaurenmu shekara biyu, kuma ranar sunan ɗansu matan suka ɗauko turmi, suka ɗaure masa jiƙaƙƙiyar fatar akuya a baki, ya zama gangar da suke kira tinde. Jikokina sun saba jin lugude a turmi, amma ba su taɓa zaton zai zama ganga ba, kuma tun daga ranar sai na riƙa ɓoye nawa a ɗaki. Tsohuwarsu ta nuna musu imzad, wanda ƙwarya ce da fata da tsirkiya ɗaya ta gashin doki, sai babban jikana ya ce ai goge ne. Ta yi dariya ta ce a wurinsu mata ne ke kaɗa shi. Kwana uku yaron yana tambayata dalili, ni ma ban iya ba shi amsa ba.

Malam mai koyar da allo, Ɗan Gulbi:
Hajiya ta yi magana, amma a yi mini uzuri in faɗi abin da iyaye da yawa ke faɗa a bayan ido. An taɓa aiko ɗana gida da abin rufe fuska na kwali mai siffar dodo, ba tare da an yi mana bayani ba, kuma mahaifiyarsa ta jefa shi a murhu. Ba ƙin al'adun mutane muke yi ba, surar abu mai rai da abin da ya shafi tsafi ne muke taka-tsantsan da su. Da na so nuna wa almajiraina aikin wasu ƙasashe, zayyana na bi: na ajiye allon sauka kusa da hoton adon bangon masallatan Maroko da na gidajen Birnin Damagaram, suka yi ta neman inda ƙulle-ƙullen zanen suka yi kama. Har masallacin Agadas suka gina da laka, suka soke hasumiyar da tsinkayen tsintsiya a madadin itatuwan da ke jikinta.

Malamar ajin renon yara:
Allah ya saka da alheri, na ji gyara. Malam, daga yanzu zan riƙa sanar da iyaye kafin kowane aiki, kuma naɗe-naɗen takarda na Japan da na shirya za mu tsaya a kan kwale-kwale da fure, mu bar tsuntsu. Baban Nafisa, an kawo mini ganyen marke daga hanyar Madarunfa, ƙyallaye goma sha biyu suna kan igiya sun yi rawaya, lakar kuma tana cikin tulu. Hajiya, idan har yanzu kina da labarin tsohuwar nan, ki taimaka ki tambayar mana ko za ta yarda ta zo ajin ranar Laraba da safe.