Digirin digirgir a injiniyancin sinadarai: jami'a ko kamfani?

Ummi:
Salamu alaikum jama'a. Na gama mastas a injiniyancin sinadarai, bincikena kan tace gurɓataccen ruwa ne da gawayin tacewa. Raina na son digirin digirgir in zama lakcara mai bincike, amma duk wanda na faɗa wa sai ya ce ke tafi kamfanin mai ko na taki ki huta. Dan Allah waɗanda ke ciki yaya hanyar take? Kuma tsakanin harkar ruwa da kamo iskar kabon wanne ke da gaba, kar in ɗauki abin da zai mutu kafin in kammala.

Dakta Sani:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Abin da ba a gaya wa ɗalibai shi ne malamin jami'a a wannan fanni rabin rayuwarsa neman kuɗin bincike ne, ɗakin gwaje-gwaje kuwa ɗalibansa ne a ciki, shi yana ofis yana rubuta takardar neman tallafi yana gyaran makin jarabawa. Hanyar ma doguwa ce. A Amurka digirin kan ci kusan shekara 5, a Ingila 3 zuwa 4, sai ki yi aikin bincike a ƙarƙashin wani farfesa shekara biyu ko uku, in kin samu kujerar koyarwa a Amurka kuma sai a sa miki ido kusan shekara 6 kafin a tabbatar da ke, lokacin ana ƙirga takardun da kika wallafa da kuɗin da kika jawo. A Turai tallafin ERC, wato hukumar bincike ta Tarayyar Turai, na masu farawa yakan kai yuro miliyan 1.5 na shekara 5, amma takarar ba sauƙi.

Ni a ganina wanda zai duba aikinki ya fi maudu'in muhimmanci. Kafin ki yarda da kowane farfesa, ki nemi tsofaffin ɗalibansa ki tambaye su a ɓoye, shekara nawa suka yi, yana karanta babi in an kai masa ko sai ya kwana wata uku a teburinsa, kuma na'urorin auna sinadarai na lab ɗin suna aiki ko ado ne. Na ga ɗaliba mai ƙwazo ta zauna da samfurorinta a firji suna lalacewa saboda na'ura ɗaya ta tsaya babu kuɗin gyara.

Injiniya Bala:
Dakta Allah ya ƙara lafiya, amma kamar kun tsorata yarinyar nan fa. Ummi kar ki ɗauka kamfani babu bincike, akwai, sai dai tambayarsu ɗaya ce, nawa zai ci. Abin da ya yi kyau a ƙaramar kwalba in aka kai shi babban tanki sai zafi ya ƙi fita, haɗin ya ƙi haɗuwa, nan ake gane injiniya. Maganar kabon kuwa, a filin haƙar iskar gas na Sleipner a Norway tun 1996 suke tura shi ƙarƙashin teku, a shekarun baya har kusan tan miliyan ɗaya a shekara, ita kuma Orca, masana'antar zuƙo kabon daga iska da kamfanin Climeworks ya buɗe a Iceland a 2021, an gina ta ne don tan 4,000 a shekara, alhali duniya na fitar da sama da tan biliyan 35. Kin ga tazarar. Matsalar ita ce makamashin da ake ƙonawa wajen dumama ruwan amin, sinadarin da ke kama kabon, don ya saki kabon ɗin da ya kama, duk wanda ya iya rage wannan makamashi ya gama da aiki. Ko ina kika nufa dai ki iya manhajar kwaikwayon aikin masana'anta ta Aspen Plus da yaren kwamfuta na Python.

Maman Hanifa:
Ni dai ruwa zan ce, kuma ba son kai ba. Ummi ai kin riga kin sa ƙafa. Ki duba sinadaran PFAS ɗin nan da ake sawa a kumfar kashe gobara da kayan da ba sa jiƙewa, haɗin kabon da fulorin da ke cikinsu yana da taurin tsiya shi ya sa ba sa ruɓewa. A 2024 hukumar kare muhalli ta Amurka ta sa iyakar nanogiram 4 a lita ga nau'i biyu daga cikinsu, PFOA da PFOS, a ruwan sha. Gawayinki yana kama su amma ba ya kashe su, nau'in PFAS masu gajeriyar sarƙar kabon ma sulalewa suke yi da wuri, to gawayin da ya ƙoshi da guba ina za a kai shi? Ga digiri nan a zaune. Sai ki kiyayi mujallun nan masu turo saƙo wai za su buga miki a sati ɗaya in kin biya, takarda ɗaya a babbar mujallar Water Research ta fi goma a wurinsu.

Ummi:
Na gode sosai, Allah ya saka. Dakta to yaya ake tuntuɓar farfesan da bai san ni ba?

Dakta Sani:
Karanta takardunsa na baya-bayan nan guda biyu, ki rubuta masa gajeren imel ki faɗi inda kika ga aikinki zai ɗora a kan nasa, ki haɗa da CV da sakamakonki. Kar ki tura wasiƙa ɗaya ga mutum hamsin, daga layin farko muke ganewa. In ya yi shiru sati biyu ki sake taɓa shi sau ɗaya.