Mene ne ya haɗa kiɗan roots reggae da ƙasar Habasha?

Ɗan Gadarif: Assalamu alaikum, iyayena da yayyena. A nan Gadarif ta ƙasar Sudan nakan ga hoton Bob Marley manne a jikin raksha (babur mai ƙafa uku) ko a shagon aski, sau da yawa tare da zaki da launukan tutar Habasha. Ina neman bayani a kan abin da ya haɗa mawaƙin Jamaika da maƙwabtanmu, da kuma abin da ya bambanta roots da sauran reggae.

Malam na Mai Wurno: Wa alaikumus salam, ɗana. Reggae ya ɓullo ne a ƙarshen shekarun 1960 daga kiɗan ska da rocksteady, a unguwannin talakawan Kingston, babban birnin Jamaika, irin su Trenchtown, inda jikokin bayin da aka kwaso daga Afirka suka ga ƙasarsu ta sami 'yancin kai a 1962 amma talauci bai sake su ba. Roots shi ne salon shekarun 1970, lokacin da aka ba ganga da jita mai kaurin murya fifiko, baitoci kuma suka koma kan bauta, zalunci da begen komawa Afirka. Habasha ta shigo ne ta hannun 'yan Rastafari, mabiya wata aƙida da ta samo asali a Jamaika, waɗanda suka ɗauki naɗin sarautar Haile Selassie, sarkin Habasha, a 1930 a matsayin cikar alkawarin Ubangiji, har suka yi masa gagarumar tarba da ya ziyarci Jamaika a 1966. Mu da kakanninmu suka baro ƙasar Hausa bayan yaƙin Burmi na 1903, waƙar begen gida ba baƙuwa ba ce a kunnenmu.

Hajiya daga Kassala: Malam ya yi bayani mai gamsarwa. Zan ƙara da cewa Sudan ma tana cikin labarin, domin a Khartoum Selassie ya zauna a 1940, kuma ta iyakarmu ya koma ƙasarsa a Janairun 1941 don korar sojojin Italiya. Waƙar Marley mai suna "War" kuwa daga jawabin sarkin a Majalisar Ɗinkin Duniya a 1963 aka ciro kalmominta.

Baban Amina: Ban ƙi ta taku ba, Malam, amma ya kamata yaron ya san cewa yawancin 'yan Rastafari allantar da Selassie suke yi, abin da Musulmi ba zai karɓa ba, alhali shi kansa sarkin Kirista ne mabiyin cocin Orthodox.

Malam na Mai Wurno: Gaskiya ne, Alhaji, kuma sai a yi hattara. A ganina dai ba aƙidar ce ta ja matasanmu ba, kukan talaka ne, wanda ya sa aka gayyaci Marley bikin 'yancin Zimbabwe a Afrilun 1980.