"Komai ramar giwa ta fi kwando goma": karin maganar ta hau kan ƙasashe bayan korona?

Ɗan Kwari:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Gardama ce ta kaure a rumfarmu. Wani yaron shago mai yawan sauraren rediyo ya ce a shekarar korona Nijar ta doke Ingila, tunda a 2020 tattalin arzikin Nijar ya ƙaru da kusan kashi 3 da rabi cikin ɗari, na Ingila kuwa ya ragu da kusan kashi 10. Maigidanmu bai ɗago kai daga lissafinsa ba ya ce, "Komai ramar giwa ta fi kwando goma." Kowa ya yi dariya, magana ta mutu. Ni dai ban gamsu ba. A sanina ana faɗin wannan ne ga attajirin da ya karye, don a nuna har yanzu ya fi talaka. Ta halatta a ɗora ta kan ƙasa? Kuma ba rufe bakin yaro kawai aka yi da ita ba?

Malam Mai Allo:
Wa alaikumus salam. Mu a wajenmu "ta yi kwando goma" muke ji, wasu kuma su ce "ta fi". Duk ɗaya ne. Asalinta daga mafarauta take: giwa ko ta rame, in aka kashe ta aka fede, namanta sai ya cika kwanduna. Manufa ita ce babban abu ko ya lalace, saurarsa ta fi ƙarami mai lafiya. Ana faɗa wa mai kuɗin da ya samu karaya, ana faɗa wa basaraken da aka tuɓe, har tsohon malamin da ido ya yi wa rauni ana faɗa masa. Ban ga abin da zai hana a faɗa wa ƙasa ba. Maigidanku ya aje ta a gurbinta.

Ba-Damagare:
Allah ya gafarta Malam, ni da nake ɗan Nijar ma na yarda da maigidan, ko da yake abin da ciwo. Ku duba girman abin. Duk abin da Nijar ta samar a 2020 bai wuce dala biliyan 14 ba. Na Ingila ya kai wajen tiriliyan 2.7. Kashi 10 ɗin da suka rasa, shi kaɗai ya ninka dukan tattalin arzikinmu kusan sau 20. To ina gasa a nan?

Sannan wannan ƙarin da ake yi mana kirari da shi, jama'armu ma da kusan haka suke ƙaruwa kowace shekara. In tuwo ya ƙaru da kashi 3 da rabi, masu ci suka ƙaru da kashi 3 da rabi, lomar kowa tana nan yadda take. Kuma abin da ya tsare mu ba dabara ba ce. Akasarin mutanenmu noma da kiwo suke yi, gero kuwa bai san dokar kulle ba. Shekarar da ta biyo baya, 2021, damina ta yi gardama, ƙarin ya sauko ƙasa da kashi 2, alhali a lokacin ne sauran duniya ke ta murnar farfaɗowa. Mu ruwan sama ne ke juya mu fiye da annoba.

Uwar Biyu:
Ni kam ban son yadda ake amfani da ita. Duk lokacin da ƙarami ya yi abin kirki sai a jefo masa giwa don ya yi shiru. Yaron nan bai ce Nijar ta fi Ingila arziki ba, cewa ya yi a waccan shekarar ɗaya ta ci gaba ɗaya ta ja baya, kuma gaskiya ya faɗa. Ku dubi Biyetnam. Ba giwa ba ce, amma ta ƙaru da kusan kashi 3 a 2020, ta kai kashi 8 a 2022, saboda tana da masana'antun da duniya ke sayen kayansu, wayoyi da tufafi da takalma. In aka ce komai ƙoƙarinka giwa ta fi ka, to don me za a yi ƙoƙarin?

Malam Mai Allo:
Hajiya, ai karin maganar ba ta ce ƙarami ba ya girma ba. Gargaɗi take yi kada ka ga babba ya rame ka ɗauka kun zama ɗaya.

Uwar Biyu:
Haka ne Malam, amma a bakin mutane ta koma sandar dukan yara.

Akawu:
Bari in shigo da ɗan lissafi, don a nan ne ake yaudarar mutane da yawa, har da 'yan jarida. Akwai wata karin maganar da ta fi dacewa da batun farfaɗowa: tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya, ya yi ɗari bai fito ba.

Ɗauki tsibiran Maldibis, masu rayuwa da 'yan yawon buɗe ido. Da jirage suka daina tashi a 2020, tattalin arzikinsu ya zube da kusan kashi 33. A 2021 ya tashi da fiye da kashi 35. Wanda ya ga lambobin nan biyu sai ya ce ai sun mayar har da riba. Ba haka ba ne. Mai naira 100 in ya rasa kashi 33, saura 67. In 67 ta ƙaru da kashi 37 ma, bai kai 92 ba. Sai ta ƙaru da kusan rabinta kafin ya koma inda yake. Shi ya sa a 2021 ƙasashen da suka fi shan kashi su ne suka fito a saman jadawali. Ingila ta yi sama da kashi 7, Indiya ta yi fiye da haka, bayan da a watannin Afrilu zuwa Yunin 2020 ta faɗi da kusan kashi 24. Zurfin ramin ne ya sa tsallen ya yi tsawo.

Ni a ganina tambaya biyu ce kawai ke da amfani in za a gwada ƙasa da ƙasa: yaushe ta koma inda take a ƙarshen 2019, kuma in aka raba wa kowane mutum ɗaya, rabonsa ya ƙaru ko ya ragu? A Najeriya, bisa alƙaluman da Hukumar Ƙididdiga ta fitar a lokacin, an samu raguwar kashi 6.1 a zango na biyu na 2020, kashi 3.6 a na uku, sai ƙarin kashi 0.11 a na huɗu. Da wannan ɗan ɗigon aka yi shelar cewa mun fita daga masassarar tattalin arziki. Shekarar gaba ɗaya raguwar ba ta kai kashi 2 ba, wanda in ka aje kusa da na Ingila ko Sifaniya sai ka ce mun tsira. Amma jama'a na ƙaruwa da kusan kashi 2 da rabi, kuma tun masassarar 2016 har zuwa 2020 rabon kowane ɗan ƙasa raguwa ya yi ta yi. Korona a kwance ta same mu.

Ɗan Kwari:
Yaya Akawu, wannan 0.11 ɗin ya ba ni dariya. A lokacin da ake shelar nan mu bashin kayan da muka ɗauko kafin kulle muke ta fama da shi. An rufe Kano a watan Afrilu, azumi ya shigo kasuwa a garƙame, ga iyakokin ƙasa a rufe tun Agustan 2019 ba a buɗe ba sai Disambar 2020. Abokan cinikinmu na Maraɗi da Damagaram da Njamena duk sun yanke. Ba wanda ya ji wata farfaɗowa a aljihunsa.

Na Zangon Kumasi:
Salamu alaikum. Ni ina ga ba ku taɓo inda naman giwar yake ba. Kwando goman nan, a wajen ƙasa, shi ne ikon cin bashi da araha. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma ba kuɗin ruwa ɗaya ake biya ba.

Amurka a watan Maris 2020 ta zartar da tallafin dala tiriliyan 2.2, aka riƙa aika wa mutane dala 1,200 har gida. A Maris 2021 ta ƙara tiriliyan 1.9. Ingila ta ɗauki nauyin har kashi 80 na albashin ma'aikatan da aka zaunar a gida, shirin ya ci gaba har zuwa Satumban 2021, babban bankinta kuma ya sauke kuɗin ruwa zuwa kashi 0.1. Duk da kuɗinsu na gida suka ci bashin, dala da fam. Najeriya fa? Shirin farfaɗowa da kwamitin Osinbajo, mataimakin shugaban ƙasa na lokacin, ya fitar a Yunin 2020 naira tiriliyan 2.3 ne, wajen dala biliyan 6 a canjin lokacin, ga mutane sama da miliyan 200. An yi kasafi a kan gangar mai dala 57, dole aka dawo da shi 28. Sai da aka karɓo dala biliyan 3.4 daga Asusun Ba da Lamuni na Duniya a watan Afrilu. Da ta je kasuwar duniya neman bashi a Satumban 2021, kuɗin ruwan daga kashi 6 da 'yan kai ne har sama da kashi 8, kuma da dala za a biya.

Mu a Gana mun so mu yi irin na manya. An ba da ruwan famfo kyauta, an rage kuɗin lantarki, kowa ya yaba. Ba mu ma faɗi ƙasa da sifili ba a 2020, a 2021 muka yi sama da kashi 5. A takarda mun fi Ingila tsira. Sai 2022 ta zo: Amurka ta ɗaga kuɗin ruwa, yaƙin Yukiren ya tada farashin mai da alkama, kuɗinmu sidi ya zube, hauhawar farashi ta kai kashi 54 a Disamba, gwamnati ta ce ba za ta iya biyan akasarin bashin waje ba. Tsofaffi 'yan fansho, har da tsohuwar babbar jojin ƙasa, suka je suka zauna a ƙofar ma'aikatar kuɗi suna neman a bar musu ajiyarsu. A Mayun 2023 aka koma wa Asusun Lamuni don dala biliyan 3. Zambiya tun Nuwamban 2020 ta gaza. Siri Lanka ta bi a 2022. Ingila ita ma ta ga hauhawar kashi 11, bashinta ya kusan kai girman tattalin arzikinta, amma ba wanda ya daina ba ta rance. To ka ga wa ya rame da gaske?

Ba-Damagare:
Gaskiya ɗan'uwa ka buga inda ya dace. Ko kuɗin ajiya na dala biliyan 650 da Asusun ya raba a Agustan 2021, gwargwadon girman hannun jari aka raba. Afirka duka wajen biliyan 33 ta samu. Giwaye suka kwashe mafi yawa, alhali su ne ba su da buƙata.

Baƙo a Birmingham:
Ina ta karantawa ina murmushi. Ku da ke gida kuna ƙirga kwandunan daga nesa. Malam ya ce sai an fede giwar ake cika kwando, to wa ke ɗauka? A nan Ingila, a shekarar farko ta annobar, wata ƙungiyar agaji guda ɗaya ta raba ƙunshin abinci sama da miliyan 2 da rabi. Na ga masu aiki, ba mabarata ba, a layin karɓar taliya da madara. Masu gidaje da hannun jari kuwa dukiyarsu ta hau. Mai tuƙa tasi da mai wanke-wanke a gidan abinci ba su ga kwando ko ɗaya ba sai ƙarin kuɗin haya da na gas. Ƙasa tana iya cika kwando goma, ɗan ƙasa ya kwana da yunwa. Don haka karin maganar ta yi daidai a kan baitulmali, amma kada a ɗora ta kan kowane mutum da ke zaune a cikin ƙasar.

Uwar Biyu:
Yawwa. Ga wanda ya faɗi abin da nake ta son faɗa.

Akawu:
Na yarda, amma a yi adalci. Wanda ya shiga layin abinci a can ya samu layin da zai shiga. A nan sai da aka fasa rumbuna a Oktoban 2020 mutane suka ga kayan tallafin da aka ce nasu ne.

Ɗan Kwari:
To tambaya ta ƙarshe, Malam. Najeriya ana yi mata kirari da giwar Afirka. Ita ma ta fi kwando goma kenan?

Malam Mai Allo:
Tsakaninta da maƙwabta, e. Shi ya sa in naira ta yi atishawa ake jin mura a Maraɗi da Kwatano. Amma ɗana, kada a mayar da karin maganar abin lallashin kai. Wanda ke gefe ne ke faɗa wa giwa haka. In giwar da kanta ta fara ƙirga kwandunanta, to ramar ta yi nisa.

Akawu:
Kuma kwandunan ma da dala ake auna su. Najeriya ta shiga annobar tana ta ɗaya a Afirka. Bayan an saki naira a Yunin 2023, wato an bar kasuwa ta yanke farashinta, daga wajen 460 ta wuce 1,500 kan dala ɗaya, sai ga shi a jadawalin Asusun Lamuni na 2024 ta koma ta huɗu, bayan Afirka ta Kudu da Masar da Aljeriya. Wannan kam ba a ɗora wa korona ba.

Na Zangon Kumasi:
Yaya Akawu, kada ka wanke korona tas. Bashin da aka ci a 2020 da 2021, da kuɗin da babban banki ya yi ta ranta wa gwamnati, duk suna cikin abin da ya raunana nairar kafin a sake ta. Mu ma sidi ba rana ɗaya ya faɗi ba.

Akawu:
Suna ciki, ban musa ba. Amma rancen babban bankin tun kafin 2020 ya fara taruwa, haka ma riƙe naira a farashin da kasuwa ba ta yarda da shi ba, da tallafin mai. A kan wannan sai dai mu buɗe wani zaren, don in na fara kawo lambobin Hajiya za ta ce na mayar da zauren karin magana ofishin akanta.

Uwar Biyu:
Ai ka riga ka mayar. Buɗe, za mu zo.