Zuma, citta, sirace: wanne ne yake yi wa mura aiki?

Maman Biyu:

Assalamu alaikum. Don Allah masana a taimaka da ƙarin haske. Da zarar mura ta shigo gida kowa da abin da zai ce a yi: wannan ya ce zuma da lemun tsami, wancan ya ce citta da tafarnuwa, wani ya ce a sayo bitamin C ko antibayotik. A cikinsu wanne ne yake da amfani na gaske, kuma nawa ake sha? Akwai wanda bai kamata a ba yaro ba? Sannan yaya ake gane abin ya wuce mura?

Ma'aikaciyar Jinya:

Wa alaikumus salam, Maman Biyu. Ƙwayoyin bairus ne suke kawo mura, ire-irensu sun haura 200, kuma babu haɗin gida da yake kashe su. Jiki ne yake yin yaƙin da kansa. Mura takan tsananta a rana ta biyu zuwa ta uku, ta lafa cikin kwana 7 zuwa 10, tarin kuwa yana iya ja har mako uku. Shi ya sa kowane haɗi yake da masu yi masa shaida: mutum ya sha a rana ta huɗu, ya ji sauƙi a ta shida, sai ya ce haɗin ne, alhali ko bai sha ba sauƙin yana tafe. Abin da za ki nema a maganin gida shi ne ya rage wahala, mara lafiya ya samu ya yi barci ya ci abinci.

A wannan ma'aunin zuma ce a gaba. An gwada ta a kan yara masu tarin dare, an ga tana rage tarin, barci ya gyaru, kuma ba ta gaza wasu magungunan tari na kwalba ba. Rabin cokalin shayi zuwa cokali ɗaya kafin kwanciya ya isa yaro, babba kuma cokali ɗaya zuwa biyu, a lasa haka nan ko a dama a ruwa mai ɗumi. Amma jaririn da bai cika shekara ɗaya ba, ko ɗigo kada a ba shi. Zuma takan ɗauko ƙwayar da ke jawo cutar botulizim, hanjin jariri bai yi ƙwarin hana ta tsiro ba, sai jikinsa ya saki, ya kasa tsotso, numfashi ya yi rauni. Tafasa zumar ba ya kawar da wannan haɗarin. Mai ciwon suga kuma ya lissafa ta cikin sukarin da yake sha.

Ga ciwon maƙogwaro, a zuba kwata zuwa rabin cokalin shayi na gishiri a kofi ɗaya na ruwan ɗumi, a ɗaga kai a kurkure maƙoshi, a tofar, sau uku ko huɗu a yini. Idan gishirin ya yi yawa sai ya ƙara busar da wurin. Yaron da bai iya tofarwa ba a ƙyale shi.

Toshewar hanci ma ruwan gishiri ne, sai dai awonsa daban ne: giram 9 a lita ɗaya, wato ƙasa kaɗan da rabin cokalin shayi a kofi mai mililita 250. Dole ruwan ya zama an tafasa shi aƙalla minti ɗaya an bar shi ya huce, domin ɗanyen ruwa yana iya ɗauke da wata ƙwaya da ke bi ta hanci ta kai ƙwaƙwalwa. Abin ba ya yawan faruwa, amma idan ya faru da wuya a tsira. Jariri ɗigo biyu a kowace ƙofar hanci kafin shayarwa, a goge majinar da ta tsinke. A haɗa sabo kullum.

Citta da lemun tsami a ruwan zafi suna da daɗi a maƙogwaro, suna sa majina ta yi laushi, kuma mutum yana samun ruwa a jikinsa. Yawancin amfanin daga ɗumin da ruwan ne. Mai ƙwannafi ya rage cittar.

Mai Haɗa Magani:

Malama ta yi bayani mai kyau a kan na kicin, bari in ɗora da na kwali.

Bitamin C ya yi suna ne tun 1970, lokacin da masanin kimiyyar nan na Amurka, Linus Pauling, ya yaɗa cewa yana maganin mura. Da aka tattara gwaje-gwajen da aka yi daga baya, sai aka ga shansa kullum ba ya hana yawancin mutane kamuwa, yana dai rage tsawon murar da kusan kashi 8 cikin ɗari ga manya da kashi 14 ga yara. A murar mako guda, abin bai kai yini ɗaya ba ga babba. Fara shansa bayan atishawa ta soma kuwa ba a ga ya tsinana wani abu tabbatacce ba. Wuce miligiram 2000 a rana yana jawo gudawa da murɗar ciki, ga mai saurin yin tsakuwar ƙoda kuma ba shi da kyau.

Alewar tsotsa mai sinadarin zinki tana iya rage kwanakin mura idan an fara ta cikin awa 24 na farko, amma tana da ɗanɗanon ƙarfe kuma tana tayar da zuciya. Zinki na fesawa a hanci a guje shi, a 2009 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kansa bayan mutane sun rasa jin ƙamshi. Tafarnuwa hujjarta ba ta da ƙarfi, gwaji ɗaya ne mai mutum 146 ake yawan kafa hujja da shi, shi ma a kan rigakafi ne. A ci ta a abinci ba laifi. Cusa ta a hanci ko ɗaura dakakkiya a fata yana ƙona wurin, mai shan maganin tsinka jini kuma kada ya yawaita ta.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne farasitamol, saboda ana ganinsa kamar ba komai ba. Babba yana shan miligiram 500 zuwa 1000 duk awa 4 zuwa 6, kada ya wuce giram 4 a awa 24. Matsalar ita ce yawancin haɗaɗɗun magungunan mura, na ƙwaya da na gari da ake damawa, da farasitamol a cikinsu. Mutum ya sha biyu don ciwon kai, ya ƙara da na mura, da dare ya sake, ya zarce iyaka bai sani ba, hanta kuma ba ta nuna alama sai bayan kwana ɗaya ko biyu. A juya kwalin a karanta abin da ke ciki. Na yara da nauyi ake auna shi, miligiram 10 zuwa 15 a kowane kilo, da sirinji ko murfin awon da ya zo da kwalbar. Asfirin ba a ba wanda bai kai shekara 16 ba, domin tare da ciwon bairus yana iya taɓa hanta da ƙwaƙwalwa. Maganin tari da mura na kwalba ba na ƴan ƙasa da shekara 6 ba ne sai da umarnin likita. Maganin fesawa mai buɗe hanci kuma kada ya wuce kwana 3 zuwa 5, in ba haka ba hancin zai koma toshewa fiye da da duk lokacin da ƙarfin maganin ya ƙare.

Antibayotik bakteriya yake kashewa, ba ruwansa da bairus. Shansa a mura sai dai ya jawo gudawa ko ƙuraje, ya kuma koya wa ƙwayoyin cuta bijire wa magani.

Maman Biyu:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. To sirace fa da man zafi? Kuma idan majina ta koma kore ba alama ce ta a fara antibayotik ba?

Likitan Yara:

Hajiya, koren majina launin ƙwayoyin garkuwar jiki ne da suka taru suna aiki, ana ganinsa a mura ta yau da kullum daga rana ta uku ko ta huɗu. Shi kaɗai ba dalilin antibayotik ba ne.

Sirace ga yara ba na goyon bayansa ko kaɗan. Gwaje-gwaje ba su nuna yana rage mura ba, ƙunar da yake jawowa kuwa sananniya ce: yaro yana cikin lulluɓi ba ya gani, ya motsa, kwanon tafasasshen ruwa ya kife masa a cinya da ciki. Man zafi mai mentol ba ya buɗe hanci, yana sa jijiyoyin hanci su ji sanyi ne sai mutum ya ji kamar iska ta ƙaru. Hakan ma yana taimaka wa barci, don haka a shafa kaɗan a ƙirji ga wanda ya haura shekara 2. Kada a sa a cikin hanci, kada a lasa, domin kafur ɗin da ke cikinsa guba ne idan an haɗiye, yana sa yaro jijjiga.

Sai tambayarki ta yadda ake gane abin ya wuce mura. Mura takan shigo a hankali, da ƙaiƙayin maƙoshi da atishawa, mutum yana iya harkokinsa. Infuluwenza kuwa farat ɗaya take kama mutum, da zazzaɓi mai zafi, rawar sanyi, ciwon gaɓoɓi da kasalar da ke kwantar da shi. Ita tana da allurar rigakafi ta shekara-shekara, tana kuma da magani, oseltamibir, wanda ya fi aiki idan an fara shi cikin awa 48. Saboda haka mai juna biyu, tsoho daga shekara 65, ƙaramin yaro, mai asma, ciwon suga ko ciwon zuciya kada ya zauna yana gwada zuma har lokacin ya wuce. A wuraren da ake da zazzaɓin cizon sauro kuma a yi gwajin jini, farkonsu yana kama da juna.

A ƙirga numfashin yaro na cikakken minti ɗaya yana kwance shiru. Sau 50 ko fiye ga ɗan wata 2 zuwa 11, ko 40 ga ɗan shekara 1 zuwa 5, alama ce ta ciwon huhu. Haka idan ƙasan ƙirjinsa yana lotsawa lokacin jan numfashi, ko ya ƙi nono da ruwa, ko fitsari ya ragu sosai, ko leɓe ya sauya launi, ko ana tashinsa da kyar. Jaririn da bai kai wata 3 ba, zafin jiki ya kai digiri 38, asibiti kai tsaye. Babba kuma idan yana haki, ko ƙirji na ciwo, ko ya fara samun sauƙi sai zazzaɓi ya dawo da ƙarfi, ko an wuce kwana 10 ba canji, ya je a duba shi.

Ma'aikaciyar Jinya:

Dakta, a kan yara ina tare da kai. Babban da yake jin daɗin tururi kuwa ba zan hana shi ba, sai dai ya gyara yadda yake yi: a sauke ruwan a bar shi ya ɗan huce, a ajiye kwanon a kan tebur mai ƙarfi maimakon cinya, fuska ta yi nesa da shi kamar kamu ɗaya, minti 5 zuwa 10, ba yaro a kusa. Mai asma kada ya zuba mentol ko wani mai ƙamshi a ciki, yana iya tayar masa da ita.