Kwantirol fayil ɗinmu duka biyu sun tafi: in sake ginawa da kaina ko mu biya gwani?

Sadik_Fagge: Assalamu alaikum 'yan uwa. Oracle 11g, manhajar adana bayanai (database), muke amfani da shi a wurin aiki. Jiya aka ɗauke wuta, da aka kawo sai faifai ɗaya na sabar ya ƙi tashi, kuma kwantirol fayil, wato fayil ɗin da ke riƙe da jerin fayilolin database ɗin, duka biyun a kansa suke. Saƙon kuskure ORA-00205 (an kasa samun kwantirol fayil) kawai nake gani, database ɗin ba ya wuce NOMOUNT, matakin farko na tashinsa. Fayilolin data da na redo (inda ake rubuta kowane canji da aka yi) suna wani faifan, lafiyarsu ƙalau. Autobackup, mai ajiye kwafin kwantirol fayil da kansa, ba a kunne yake ba. Abin da ke hannuna shi ne rubutun BACKUP CONTROLFILE TO TRACE, mai ɗauke da umarnin sake gina kwantirol fayil, da na fitar tun kafin azumi, kuma mun ƙara fayilolin data biyu bayan nan. In yi CREATE CONTROLFILE da kaina, ko oga ya biya wani da ya nemi dubu 800?

Injiniya_Bash: Wa alaikumus salam. Abu mai sauƙi. Shiga RMAN, manhajar backup ta Oracle, sa DBID, lambar shaidar database ɗin, RESTORE CONTROLFILE FROM AUTOBACKUP, sai RECOVER, ka buɗe da RESETLOGS, mai share redo ya fara sabo.

Ɗan_Maraɗi: Ka kwafi ɗayan ka ɗora kan wanda ya lalace mana.

Sadik_Fagge: Malamai, don Allah a sake karantawa. Babu autobackup, babu ɗayan.

Anti_Rabi: Ƙanena, kafin komai ka kwashe fayilolin data da na redo zuwa wani wuri, sannan ka taɓa. Tunda redo na nan, ɓangaren NORESETLOGS na rubutun za ka ɗauka, ka ƙara sababbin fayilolin biyu da hannunka. Wanda ka manta zai fito da sunan MISSING bayan an buɗe. Sai RECOVER DATABASE, ka buɗe, ka mayar da fayil ɗin temp. Tarihin RMAN zai ɓace, CATALOG START WITH zai sake yi maka rajistar fayilolin backup da ke kan faifai.

Baba_Audu: Gwani? Hmm. Mu haka aka kawo mana wani daga Legas, da kuɗin jirgi da otal. Bai kwafi komai ba, ya gina kwantirol fayil da RESETLOGS alhali redo ɗinmu na nan. Da ORA-01194 ta fito masa, wato fayil na buƙatar ƙarin RECOVER, sai ya sa ɓoyayyen saitin _allow_resetlogs_corruption ya buɗe da ƙarfin tsiya. Ya karɓi miliyan ɗaya da rabi ya tafi. Bayan kwanaki ORA-00600, kuskuren cikin Oracle kansa, ta fara ruwa, lissafin albashi ya ƙi daidaita, wayarsa a kashe. Ma'aikata suka zauna suna sake shigar da rasit da hannu, ni kuma aka ba ni takardar gargaɗi, ni da ban ma zaɓo shi ba. Har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Ɗan_Maraɗi: Allah ya kyauta, Baba. Amma miliyan ɗaya da rabi? Mu dubu 150 muka ba wani yaro, daga gida ya shigo ta intanet ya gama.

Injiniya_Bash: Dubu 150 ai kuɗin shayi ne. Duk mai OCP, takardar shaidar ƙwarewa ta Oracle, ba zai taɓa wannan ƙasa da miliyan ba. Kuma Anti, da girmamawa, sabar kamfani ba wurin gwaji ba ce.

Anti_Rabi: Injiniya, kai da OCP ɗin ne ka tura shi neman autobackup a 11g, inda a kashe yake zuwa sai mutum ya kunna.

Baba_Audu: Wancan na Legas ma takardunsa sun fi nawa.

Mai_Shayi: Wa ya ambaci shayi? Dubu 150 ku kawo, har da ƙwai zan soya wa sabar.

Sadik_Fagge: Anti, in RECOVER ya nemi archive fa? NOARCHIVELOG muke, ba ma ajiye tsofaffin redo.

Baba_Audu: Kai ma ka tambayi oganka, ina UPS lokacin da aka ɗauke wutar?

Sadik_Fagge: Batirinsa ya mutu tun bara, Baba. Na rubuta, aka ce babu kuɗi.

Ɗan_Maraɗi: Ko'ina haka suke. Namu ya sayi sabuwar mota, ɗakin sabar kuwa fanka ce ke ciki, a zafin Afrilu.

Mai_Shayi: Ku kuna da fanka ma. Batirin inbata nawa yake yanzu a Sabon Gari?